Shakka Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Nasiha Ga Iyaye Da Ɗalibai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali da magana domin ya rarrabe gaskiya da ƙarya. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, garinmu Gaya gari ne na mashiga. Ƙetaren kogin Isa ga Malanbil ta ƙasar Benin, gabas da mu ga Kamba ta Nijeriya. Duk hajar da za ta ratsa ta nan sai ta tsaya gaban ƴan duwan, an kwance ta an duba. Amma akwai wata haja da ba ta tsayawa a shinge, ita ce kalmomi. Ko a 2023, lokacin da aka toshe gada bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, motoci suka yi cirko-cirko, ita wannan haja ba ta fasa shigowa ba. Tana shigowa ta bakin yaranmu na ajin tarminal a lise, waɗanda ake karanta wa falsafa da Faransanci domin jarrabawar bak. Tana shigowa ta bakin waɗanda muka tura karatu Sakkwato da Birnin Kabi da Zariya, su kuma da Ingilishi. Mafi yawanta kuwa ta salular da ke aljihun kowa take shigowa. Ga shi kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan kalmomin Ingilishi sun sami ƙofa a Nijar fiye da da.

Yau sai ka ji matashi a majalisa yana cewa shi "sikeptik" ne, wani ya ce shi "agnostik" ne, wani kuma ya ce shi yana neman "self" ɗinsa. Idan maganar ta kai kunnen uba, ɗayan biyu ake yi. Ko dai ya yi dariya ya ce shirmen ƴan boko ne, ko kuwa ransa ya ɓaci ya ce yaro ya kafirta, har ya ɗaga baki zai tsine masa. Duka biyun ganganci ne da ran ɗa, domin an yanke hukunci ba a kwance kayan an duba ba. Alhali kuwa muna da ma'aunin duba su, yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu.

Malaman tauhidi da na usulul fiƙihu, irin su Imamul Haramaini al-Juwaini mai Waraƙati, wanda ya rasu a 1085, da Imam Sanusi na Tilimsana mai Ummul Barahini, wanda ya rasu a 1490, su da masu sharhin littattafansu, sun tsara wa fahimtar ɗan Adam matakai. Sani na haƙiƙa a wurinsu sai ya haɗa abu uku: zuciya ta yanke ba ta rawa, abin da ta yanke ya dace da yadda al'amarin yake, kuma yankewar ta taso daga dalili. Idan an yanke an dace amma babu dalili, sai dai an ji wani ya faɗa, wannan shi ne taƙlidi. Idan an yanke ba a dace ba, wannan shi ne jahilci murakkabi, wato mutum bai sani ba, kuma bai san bai sani ba; ciwonsa ya fi na jahili basiɗi wuyar magani, don shi wannan ya san kwanonsa babu komai, in an zuba masa zai karɓa. Idan kuwa zuciya ba ta yanke ba, to sai a duba sikeli. Manomin da ya ga hadari ya haɗu ta gabas a tsakiyar damina, iska ta juya, ransa ya fi karkata ga za a yi ruwa: wannan karkatar ita ce zato. Ɗan ragowar tunanin da ke ce masa wataƙila hadarin ya watse shi ne wahami. In kuwa ɓangarorin biyu suka yi daidai wa daida, babu wanda ya rinjayi wani, to nan kaɗai ne malamai ke cewa shakka.

To, ku duba kalmar da ake rubutawa doubt da Ingilishi, ake furta ta "daut", wadda Faransanci ma ke da ƴar'uwarta. Buhu ɗaya ce aka cusa mata shakka da wahami da wasu-wasi da tuhuma, har da tambayar mai neman ƙarin bayani. Yaron da ya iya sunan buhun bai iya sunayen abin da ke ciki ba, duk abin da ya ɗarsu a ransa sai ya ɗauka ya fita daga imani, ko kuma ya ɗauka ya zama bafalsafe.

Wadda ta fi wannan ɓarna ita ce kalmar belief, da ake fassara imani da ita. Mai jin Ingilishi kan ce "I believe" alhali nufinsa "ina jin" ko "ina tsammani". A littattafansu na falsafa kuma matsayinta ƙasa yake da na knowledge, wato sani. Saboda haka da zarar an ce wa ɗalibi addini belief ne, kimiyya kuwa knowledge ce, an riga an ɗora addini a kantar zato, an ɗora kimiyya a kantar sani, tun ba a kawo hujja ko ɗaya ba. Tafinta ya yanke shari'a alƙali bai zauna ba. Imani a wurinmu gaskatawa ce yankakkiya a zuciya, da furuci a harshe, da aiki a gaɓoɓi. Wanda ke "jin" kamar akwai Allah, kamar yadda yake jin za a yi ruwa gobe, bai kai ga abin da muke kira imani ba.

Idan yaro ya ce shi ba ya yarda sai da abin da idonsa ya gani, kada a zage shi, a tambaye shi. Imam Nasafi, wanda ya rasu a 1142, ya bayyana a farkon aƙidarsa cewa hanyoyin sani ga halitta uku ne: gaɓoɓin ji da gani lafiyayyu, da labari na gaskiya, da hankali. Mutum nawa ne a garin nan ba su taɓa taka Kwatano ba, amma akwai wanda ke shakkar akwai ta, da tashar jiragen ruwanta? Direbobi da fatake ne suka yi ta ba da labarinta, masu yawan da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Wannan shi ne mutawatiri, kuma sani yake bayarwa, ba zato ba. Shi kansa yaron, ya taɓa ganin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro da idonsa? Mafi yawansu a bakin malamin lakwal suka ji, suka gaskata, kuma sun yi daidai da suka gaskata. Ashe ba labari yake ƙi ba, yana zaɓen mai labarin ne. In an kawo shi nan, magana ta koma inda ya kamata ta tsaya tun farko: shin wannan Manzo mai gaskiya ne, mene ne kuma shaidar gaskiyarsa? Wannan kuwa fili ne da malamai suka share tuntuni. Ido ma ai yana ruɗi. Sandar da mai jirgi ke tura jirginsa da ita, in ta shiga ruwa sai ka gan ta kamar ta karye; hankali ne ke ce wa ido ya yi kuskure.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma akwai gaskiya a ciki, domin yaƙini ma hawa-hawa ne. Alƙur'ani ya ambaci ilimul yaƙini da ainul yaƙini a Suratut Takasur, ya ambaci haƙƙul yaƙini a Suratul Waƙi'a da Suratul Haƙƙa. Amintattu sun gaya maka kogi ya kawo ruwa, ka tabbata: wannan na farko. Ka je bakin gaɓa ka gani: na biyu. Ka shiga ruwa ya kai maka ƙirji: na uku. Wanda ke mataki na farko yana marmarin na biyu ba mai shakka ba ne. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahim (A.S.) ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya amsa cewa ya yi, yana dai son zuciyarsa ta natsu. Ba a tsawata masa ba, aka nuna masa.

Mu koma ga "sikeptik" da "agnostik". Ta farko daga harshen Girka take, kuma asalin ma'anarta mai dubawa, mai bincike. Ta biyu kuwa ƙirƙirarriya ce, wani masanin halittu ɗan Ingila, Tomas Hakzili, shi ya ƙaga ta a 1869 domin ya sa wa matsayinsa suna: ba ya cewa akwai, ba ya cewa babu. Yaronmu yana ɗauka sabuwar haja ce fil a leda. Alhali Sa'aduddini Taftazani, wanda ya rasu wajen 1390, a sharhinsa ga aƙidar Nasafi ya riga ya kasa masu musun sani, waɗanda malamai ke kira Sufasɗa'iyya, kashi uku. Inadiyya su ne masu cewa babu wata haƙiƙa, duk mafarki ne. Indiyya su ne masu cewa gaskiya tana bin ra'ayin mai ita, taka daban tawa daban. Wannan ita ce "rilatibizim" da ake yayi yau. La'adriyya kuwa, wato ƴan ban-sani-ba, su ne masu cewa suna shakka, suna kuma shakkar suna shakka. Ga kakannin agnostik nan da sunansu, kusan shekara 500 kafin Hakzili.

A nan akwai wurin lura. Faɗin "ban sani ba" ado ne ga malami. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Amma "ban sani ba" daban, "ba a iya sani" daban. Ta farko tawali'u ce, mai ita yana bakin ƙofa yana sallama. Ta biyu da'awa ce babba, domin mai ita yana cewa ya zagaye iyakar hankalin dukkan mutane ya tabbata babu ƙofa. Sai mu ce masa: wannan tabbacin, ta wace hanya ka same shi?

Shakkar da ke da amfani kuwa, ku je wurin ƴan canji ku gan ta. Ɗan canji ba ya karɓar takardar sefa ko ta naira sai ya murza ta, ya ɗaga ta ga haske. Yana tuhumar takarda ne don ya san akwai ta gaske, ita yake nema. Da zai ce duk kuɗin duniya jabu ne, da ya naɗe tabarmarsa ya koma gida da yunwa. Irin wannan tantancewa ce ta kama Imam Gazali, almajirin Juwaini, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Shi da kansa ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu minal Dalali. Ya tuhumi ido, don yana nuna maka inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana nuna maka tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Ya koma ga hankali, sai ya tuna mai barci ma yana gaskata mafarkinsa har ya farka. Ya yi kusan wata biyu cikin wannan ciwo, sannan Allah ya yaye masa, kuma ya bayyana cewa warakar ta zo ne da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa. Wannan fa shi ne mutumin da al'umma ta yi wa laƙabi da Hujjatul Islam.

Fiye da shekara 500 bayansa, Bafaranshen nan Dekart, wanda yaran tarminal ke haddace sunansa, ya bi irin wannan hanya a littattafansa na 1637 da 1641: ya tuhumi gaɓoɓi, ya kawo misalin mafarki, har ya tsaya a kan cewa duk abin da ya yi shakkarsa, ba zai iya shakkar akwai mai yin shakkar ba. Abin da yara ba su cika riƙewa ba shi ne, daga nan bai zauna ba, ya ci gaba ya kafa hujja a kan samuwar Allah. Shi ya ɗauki shakka tsani. Almajiransa na bakin titi sun mai da ita gado.

Sai wasu-wasi, wanda a ganinmu shi ne ciwon mafi yawan yaran da ke kiran kansu da waɗannan sunaye. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala ya san bambancin, ko da bai lura ba. Wanda ya yi shakka raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya gina a kan abin da ya tabbata, ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ta aure shi, kullum sai ta zo masa, an ce ya watsar da ita, kada ya ƙaro komai, ya yi ba'adi kawai. Haka a alwala: a mashahurin mazhabarmu wanda ya yi shakka ko alwalarsa ta karye yana sakewa, ban da wanda abin ya zame wa ciwo. Ku dubi hikima! Shakkar da ke da dalili ana amsa mata da bincike, wadda ba ta da dalili ana amsa mata da kau da kai, domin ciyar da ita ke ƙara mata ƙiba. A aƙida ma haka ne. Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka ga Annabi (S.A.W.) a kan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu wanda suke jin nauyin furta shi, sai ya sanar da su cewa wannan shi ne tsantsar imani, malamai suka ce ƙyamar da suka ji ita ce alamar. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Shaiɗan zai yi ta jan mutum da tambayar wa ya halicci kaza, har ya kai shi ga tambayar wa ya halicci Ubangiji, aka umurci wanda ya kai nan ya nemi tsarin Allah ya tsaya. Yaron da tunani ke hana wa barci, yana kuka yana jin tsoron ya halaka, ba agnostik ba ne. Mumini ne ɓarawo ke ƙwanƙwasa wa ƙofa, ɓarawo kuwa ba ya wahalar da kansa a kango.

Kalmar self ita ma buhu ce. Hausa ta ce "kai": ni da kaina, son kai, girman kai, kamun kai, sanin ciwon kai. Ta kuma ce rai, ta ce zuciya, ta ce hankali, ta aro ruhi da nafsi daga Larabci. Wani bafalsafe ɗan Sikotilan, Dauda Hiyum, ya rubuta a 1739 cewa duk sa'ad da ya leƙa cikin kansa ba ya cin karo da komai sai zafi ko sanyi, so ko ƙi, daɗi ko ciwo, bai taɓa kama wani abu wai shi "kai" ba. Amsarsa a kusa take: to, wa ke leƙen? Ido yana ganin komai ban da kansa. Tun kafin shi Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta farat ɗaya yana rataye a iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ya ce duk da haka ba zai jahilci samuwar kansa ba. Muna karɓar wannan misali daga gare shi ba tare da mun manta mas'alolin da Gazali ya yi masa raddi a kansu ba. Haƙiƙar ruhi kuwa, Suratul Isra'i, aya ta 85, ta yi mana iyaka: al'amarin Ubangiji ne, abin da aka ba mu na sani kaɗan ne.

Abin da ya fi shafar tarbiyya shi ne kiran da ya cika salula, wai ka zama kanka, ka bi zuciyarka. Wace zuciyar? Alƙur'ani ya siffanta nafsi mai yawan umurni da mugun aiki a Suratu Yusuf, da mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da natsattsiya a Suratul Fajri. Harshen da ya kira ukun nan da suna ɗaya ba zai iya gaya wa matashi wadda zai bi da wadda zai sa wa linzami ba.

Ya ku iyaye da malamai, ba muna sauƙaƙa al'amarin ba ne. Wanda shakka ta zauna daram a zuciyarsa game da samuwar Allah ko gaskiyar Manzonsa, ya yarda da ita ya miƙe ƙafa, yana kan haɗari mafi girma. Amma kafin a kai ga wannan hukunci akwai tafiya, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya nuna mana ita. A zamaninsa akwai ɗaliban ilimin kalami da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda suke a littafi ba. Ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ya kare imanin gama-garin Musulmi. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya karanci falsafa ya yi rubutu a kanta, ya tattauna ra'ayin masu jingina komai ga ɗabi'a. Gida ɗaya ya haɗa hana gaggawar kafirtawa da rashin tsoron tambaya. In ɗanka ya zo maka da baƙuwar kalma, ka ce ya fassara maka ita da Hausa, ya faɗi a kan me yake kokwanto, tun yaushe, kuma yana jin zafin abin ko daɗinsa yake ji. In amsar ta fi ƙarfinka, ka riƙe hannunsa ka kai shi wurin wanda ya sani, kamar yadda za ka kai shi likita.

Ku kuma ɗalibai, kada ɗayanku ya sa wa kansa sunan da bai san asalinsa ba. Wanda ya karanta shafi uku na Dekart, ya kamata ya ba Almunƙizu ko da yini uku.

Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa, wata rana za a zauna a mayar da darussan falsafa cikinta. In malaman zaure ba su zauna da malaman lise ba tun yanzu, mai fassara zai buɗe ƙamus ya rubuta "shakka" a duk inda ya ga doubt, ya rubuta "imani" a duk inda ya ga belief, ya rubuta "rai" a duk inda ya ga self, yaran Gaya su haddace haka su shiga jarrabawa da shi.

Allah ya azurta mu da ilimi mai amfani da yaƙini na gaskiya, ya shiryi zuriyarmu.